Mijin Sarauniya: Matsayin da Ba Shi da Suna

Ranar Juma'a, 9 ga watan Afrilu na 2021, fadar Ingila ta ba da sanarwar rasuwar Yarima Philip yana da shekara 99, saura wata biyu ya cika ɗari. A nan Nijar labarin bai daɗe a bakin jama'a ba. Mako guda ke nan da rantsar da sabon shugaban ƙasa, azumi ya ƙarato, kuma bayan kwana goma sha ɗaya sai ga labarin mutuwar Idriss Déby na Cadi ya danne kowane zance. Ban da haka, ba Ingila ce ta yi mana mulkin mallaka ba, gidan sarautarta kuwa daga nesa muke hangensa. Amma wanda kunnensa ya saba bin diddigin kalmomi ya tsinci wani abu a waɗannan kwanaki. Gidajen rediyon Hausa da na saurara, da kalma biyu suka riƙa gabatar da mamacin: mijin Sarauniya. Mutumin ya yi shekara 73 da aure, ya yi shekara 69 a gefen gadon sarauta, fiye da duk wani miji ko mata da suka taɓa zama a wannan matsayi a tarihin Birtaniya. Duk da haka harshenmu bai samo masa abin da ya wuce waɗannan kalmomi biyu ba.

Ta fuskar nahawu babu aibi a cikinsu. Suna ne, sai mahaɗi, sai wani suna, kamar yadda muke cewa ɗan sarki ko dokin sarki ko matar sarki. Sai dai kalma ba ta zama ita kaɗai a kunnen mai harshe. Da maƙwabtanta take tafe. Idan Bahaushe ya ji an jingina namiji ga mace ta wannan hanya, maƙwabta biyu ne suke fara leƙowa. Na farko shi ne mijin Hajiya, wato wanda ke cin arzikin mata. Na biyu shi ne mijin-ta-ce, wanda ba shi da ta cewa a gidansa. Duka biyun zambo ne. Matar sarki ba ta jan dariyar kowa, haka ma uwargidan gwamna. Da zarar an juya tsarin, namiji ya koma gaban mahaɗin, sai a ga murmushi a gefen baki. Wannan murmushi nake son in bi sawunsa, kuma rayuwar Philip ta dace da binciken, domin da wuya a sami wanda ya daɗe a cikin wannan jingina kamarsa.

Mu fara da gida. Saiwar da ta haifi sarki ta yi ƴaƴa da yawa: sarakuna, sarakai, basarake, sarauta, masarauta, sarauniya. Ɗaliban tsarin sauti sun san abin da ya sa harafin k ya ɓace a wasu daga cikinsu. Ƙa'idar nan ce da ake kira da sunan Bajamushe August Klingenheben, inda k da ke rufe gaɓa yake narkewa ya koma u, kamar yadda talaka ya ba mu talauci. A ƙarƙashin sarauniya akwai sarak, sai ɗafin mace irin wanda ke cikin ɓarauniya da makauniya. Ashe a ƙirarta sarauniya tamkar sarki ce, jinsi kawai ya raba su. Ma'anar kuma ta bi ƙirar. A al'adar Hausa, auren sarki ba ya mayar da mace sarauniya. Matar sarki matar sarki ce, tana cikin gida, da wuya talaka ya san sunanta. Macen da ke riƙe da sarauta a fada daga jinin gidan take fitowa: Iya a Maraɗi, Inna a Tsibirin Gobir, Magajiya a Daura. A Lugu, cikin ƙasar Dogon Dutsi, Sarauniya sarauta ce mai cin gashin kanta, kuma mai riƙe da ita ce ta tari ayarin sojan Voulet da Chanoine a 1899. Fadojinmu sun tanadi suna ga mai riƙon linzami da mai ɗaukar laima da mai tsaron ƙofa, amma a jerin sarautun da na bi ban ci karo da ta mijin Iya ko ta mijin Inna ba.

Ingilishi ma yana da irin wannan giɓi, sai dai ta wata fuskar. A can matar sarki takan zama sarauniya ta dalilin aure, kamar yadda aka naɗa Camilla tare da mijinta a 2023. Mijin sarauniya kuwa ba ya zama sarki, domin a jerin darajoji kalmar sarki tana sama da ta sarauniya, kuma ba a son baƙo ya hau kan mai gado. Ingilawa sun taɓa ɗanɗana akasin haka. A 1554 Sarauniya Mary ta Ɗaya ta auri Philip na Sifaniya, aka kira shi sarkin Ingila, aka buga fuskokinsu tare a kan kuɗi. Bayan ƴan shekaru Ingila ta tsinci kanta cikin yaƙi da Faransa a gefen Sifaniya, ta rasa garin Calais a 1558. Kalmar da Ingilishi da Faransanci suke amfani da ita ga abokin auren mai mulki ita ce consort, daga Latin, inda gaɓar farko ke nufin tare, ta biyu kuma rabo. Abokin rabo ke nan. Sarauniya Victoria ta mayar da kalmar cikakkiyar sarauta ta ba mijinta Albert a 1857, bayan shekara 17 da aurensu. Philip na zamaninmu bai taɓa samun wannan sarauta ba. Ana faɗin kalmar a kansa a matsayin bayani, yadda mu ma muke cewa mijin Sarauniya.

Tarihin mutumin kansa ana iya karanta shi ta hanyar sunayen da ya ajiye. An haife shi ranar 10 ga Yuni 1921 a tsibirin Corfu, yarima ne na Girka da Denmak. Bai kai shekara biyu ba Girka ta sha kashi a hannun Turkiyya, aka kori mahaifinsa daga ƙasar, wani jirgin ruwan yaƙin Birtaniya ya kwashe iyalin a ƙarshen 1922. Ya taso a Saint-Cloud kusa da Paris, ya ji Faransanci da Jamusanci da Ingilishi, Girkancin da ake danganta shi da shi kuwa kaɗan ya riƙe. Mahaifiyarsa, Gimbiya Alice, kurma ce tun haihuwa, da motsin leɓe take gane magana, kuma a harshe fiye da ɗaya. A 1930 aka kai ta gidan jinyar masu taɓin hankali, mahaifinsa ya koma kudancin Faransa, yayyensa mata huɗu duk suka auri Jamusawa. Yaron ya tashi tsakanin gidajen dangi da makarantun kwana, har ya ƙare a Gordonstoun da ke Sikotland a hannun malaminsa Kurt Hahn. A 1937 yayarsa Cecilie ta mutu a haɗarin jirgin sama tare da mijinta da ƴaƴanta maza biyu. Yana da shekara 16 a lokacin.

Gidan da ya samu daga baya shi ne rundunar sojan ruwa, wadda ya shiga a 1939. A watan Maris na 1941 yana cikin jirgin Valiant a yaƙin Matapan, shi ke kula da fitilun da ke haska jiragen Italiya da dare. Da maganar aure da magajiyar gadon Ingila ta taso, sai aka shiga tuɓe masa riguna ɗaya bayan ɗaya. A farkon 1947 ya ajiye sarautarsa ta Girka da Denmak, ya zama ɗan Birtaniya. Kafin ɗaurin aure ya bar cocin Girka ya shiga na Ingila. Ya kuma buƙaci sunan iyali, abin da ƴaƴan sarakunan Turai ba su saba ɗauka ba. Sunan gidan ubansa dogo ne, kuma Jamusanci ne tsantsa, ga shi shekara biyu kacal da gama yaƙi da Jamus. Sai ya ɗauki na dangin uwarsa, Mountbatten. Wannan suna shi kansa fassara ce. Asalinsa Battenberg, a 1917, lokacin da ƙin Jamus ya yi tsanani a Ingila, kakansa ya ɗauki berg, wato dutse, ya fassara shi zuwa mount, ya dawo da shi gaba. A wannan shekara ce gidan sarautar ma ya yar da sunansa na Jamus ya ɗauki na fadar Windsor. Ranar 20 ga Nuwamba 1947 aka ɗaura aure, surukinsa ya ba shi sarautar Duke na Edinburgh.

Shekarun farko na auren sun yi kama da na kowa. An tura shi Malta, matarsa ta riƙa zuwa tana zama tare da shi kamar sauran matan hafsoshi, a 1950 kuma aka ba shi jagorancin jirginsa na kansa, Magpie. Rashin lafiyar Sarki George na Shida ya katse wannan a 1951. Ranar 6 ga Fabrairu 1952 sarkin ya rasu suna ziyara a Kenya, kuma Philip ne ya sanar da matarsa cewa mahaifinta ya cika. Daga wannan rana, yana da shekara 30, aikin da ya iya ya ƙare.

Sai rigimar suna ta biyo baya. Bisa al'adar Turai, ƴaƴa sunan uba suke ɗauka, kuma da an bi ta, da gidan sarauta ya koma Mountbatten. Kakar Sarauniya da firaminista Winston Churchill suka ƙi. Ranar 9 ga Afrilu 1952, shekara 69 cif kafin ranar rasuwarsa, aka fitar da sanarwa cewa gidan da zuriyarsa za su ci gaba da amsa Windsor. Masu rubuta tarihinsa sun rawaito cewa ya yi ƙorafi, wai shi kaɗai ne namiji a ƙasar da aka hana ya ba ƴaƴansa sunansa. Sai a 1960 aka sassauta, aka yarda wasu daga zuriyar su riƙa amfani da Mountbatten-Windsor. Ko sarautar yarima ta Birtaniya sai a 1957 aka ba shi ita a hukumance, ko da yake bakin jama'a bai taɓa daina kiransa yarima ba. Abin lura a nan, sunan da ya ji zafin hana shi gadar wa ƴaƴansa, ta wajen uwa ya samo shi, kuma shekara biyar kawai ya yi yana amsa shi.

Duk Bahaushen da ya ji wannan labari zai tuna da wani baƙon. Bayajida ma ɗan sarki ne da ya baro ƙasarsa, ya ratso Borno, ya iso garin da mace ke mulki, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Daurama. Masu ba da labarin sun cusa darasinsa cikin sunaye. Suna cewa Bayajida na nufin ba ya ji da, wato bai iya harshen garin ba. Ɗan da ƙwarƙwara ta haifa masa aka sa masa Karɓagari, ɗan Daurama kuma aka sa masa Bawo, wato a mayar wa mai shi. Har ita kalmar sarki wasu sun ce daga Makas-Sarki aka gutsuro ta, wai Sarki sunan macijin ne. Masanin harshe ba zai karɓi waɗannan a matsayin asalin kalma ba, amma suna nuna abin da ke cikin zuciyar masu riwaya. A labarinmu na asali, da baƙo ya auri sarauniya, jerin sarauniyoyi ya yanke, mulki ya koma hannun maza. Shi ya sa ba mu da sunan matsayin: a tunaninmu matsayin ba ya daɗewa, ko dai mijin ya zama sarki ko labarin ya manta da shi. Sarauniya Amina ta Zazzau kuwa, riwaya ta rufe ƙofar gaba ɗaya, ta ce ba ta yi aure ba.

Philip ya tsaya a wurin da labarinmu bai tanadi tsayawa ba. Ranar naɗin sarauta, 2 ga Yuni 1953, bayan shugaban cocin Ingila, shi ne ya durƙusa gaban matarsa, ya sa hannuwansa cikin nata, ya yi mata mubaya'a. A bainar jama'a bayanta yake bi. Takardun sirrin gwamnati da ake kai mata kullum ba a nuna masa su. Ƙasar Hausa ta ga wannan tsari da idonta a farkon 1956, lokacin da suka zo Najeriya aka yi musu hawan daba a Kaduna: sarakunan da matansu ke cikin kulle suka zo gaisuwa gaban mace, mijinta yana gefe.

Matsayin ba shi da ƙayyadadden aiki, don haka sai ya ƙirƙiro wa kansa. A 1956 ya kafa shirin lambar yabo ta matasa mai ɗauke da sunan sarautarsa, inda yaro ke yin hidimar jama'a da koyon sana'a da motsa jiki da tafiyar daji, shirin da ya bazu zuwa ƙasashe fiye da 100. Ya shugabanci ƙungiyar kare namun daji ta WWF a duniya daga 1981 zuwa 1996. Ya riƙe uban jami'ar Edinburgh da ta Cambridge shekaru masu yawa. Lokacin da ya yi ritaya a watan Agusta na 2017, fada ta lissafa hidimomi 22,219 da ya halarta shi kaɗai tun 1952. Shi da kansa ya yi wa aikin ba'a, ya ce babu wanda ya kai shi ƙwarewa a duniya wajen yaye ƙyallen allon buɗe gini. Domin a gane cewa wannan haƙuri ba tilas ba ne, a dubi Yarima Henrik, Bafaranshen da ya auri Sarauniya Margrethe ta Denmak. Shi ya yi shekaru yana kuka a fili cewa an ƙi kiransa sarki, har a 2017 aka sanar cewa ba ya son a binne shi kusa da matarsa, kuma da ya mutu a 2018 aka bi wasiyyarsa. Matsayi ɗaya ne, mutum biyu suka zauna a cikinsa, kowa da yadda ya ɗauke shi.

Ba yabon mamaci na zauna yi ba, kuma wanda ke nazarin harshe ba zai tsallake harshen Philip ba. Baki shi ke yanka wuya, nasa kuwa ya yanki na wasu. A 1986 a ƙasar Sin ya ce wa ɗaliban Birtaniya da ke karatu a can idan suka daɗe idanunsu za su tsuke. A 2002 a Ostareliya ya tambayi wani daga ƴan asalin ƙasar ko har yanzu suna jifar juna da masu. Ya san halinsa, har ya ƙirƙiro masa kalma a gaban taron likitocin haƙori a 1960: dontopedalogy, haɗin haƙori da ƙafa da ilimi daga Girkanci da Latin, bisa wata karin maganar Ingilishi da ke kwatanta suɓul da baka da cusa ƙafa a baki. Masoyansa sukan ce raha ce kawai, don ya sake jikin mutanen da ke rawar ɗari a gaban Sarauniya. Mu kuwa mun fi kowa sanin raha, tunda wasan barkwancinmu na Nijar har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Bafillace da Babarbare, ko Bazabarme da Buzu, suna iya faɗa wa juna abin da ya fi wannan zafi a rabu ana dariya. Sharaɗin wasan guda ne: wanda aka tsokana yana da damar ramawa nan take. Wanda ke tsaye a layi yana jiran ya gaisa da mijin Sarauniya ba shi da wannan dama, balle idan kakanninsa sun zauna ƙarƙashin tutar daular da baƙon yake wakilta. Wasan da ba ramuwa a cikinsa cin fuska ne, ko da mai yin sa bai nufa ba. Mai yiwuwa ne mutumin da aka hana yin magana a kan manyan al'amura ya riƙa hucewa a kan ƙanana. Wannan na iya zama dalili, amma ba ya wanke shi.

To, me ya haɗa ɗalibi a Yamai ko Damagaram da wannan duka? A danginmu akwai wata gwaggona da ta yi shekaru tana shugabancin makarantar firamare. Mijinta tela ne, mutum mai sanyin hali. Duk lokacin da aka yi mata canjin wurin aiki, sai ya ɗaure kekensa na ɗinki a kan mota ya bi ta, ya sake neman masu kawo ɗinki daga farko. Sau uku ya yi haka. A kowane gari ba a daɗe ba sunansa ya ɓace, ya koma mijin darakta, kuma ana faɗin sa ne da irin murmushin nan. A majalisa akan tambaye shi ko Madam ta ba shi izinin fitowa. Ban taɓa jin ya tanka ba. Ƴaƴansu duk sun yi karatu, kuma da ta yi ritaya aka shirya mata liyafa, aka yi jawabai, aka ambaci hukumomi da iyayen yara da abokan aiki. Yana zaune a layi na biyu cikin rigar da ya ɗinka wa kansa. Babu wanda ya ambace shi, kuma ba na jin mugunta ce ta kawo haka. Masu jawabin ba su da kalmar da za su yabe shi da ita wadda ba za ta sa a yi dariya ba.

Irin wannan gida yana ƙaruwa. A ajinmu akwai mata da za su zama malaman jami'a, a wasu sassan akwai masu shirin zama alƙalai da likitoci. Tun 2011 mace ta tsaya takarar shugabancin ƙasar nan, wato Mariama Bayard Gamatié. Sau da yawa na ji ana gargaɗin ƴan'uwanmu mata cewa karatu mai zurfi yana korar manema, na kuma ji samari masu hankali suna cewa ba za su auri wadda ta fi su albashi ba. Idan aka matsa musu da tambaya, ba macen suke tsoro ba, sunan da majalisa za ta laƙaba musu suke gudu. Ga inda giɓin ƙamus yake zama giɓi a rayuwa: akwai auren da ba a ɗaura ba, akwai karatun da aka katse, saboda kalma biyu. A ɗaya gefen kuma mun karɓi al'adar takardun Faransa ba tare da gardama ba, inda ake rubuta mace da sunan mijinta, nata da na ubanta su koma baya. Kakanninmu mata ba su san wannan ba. Da sunan ubanta ake sanin mace har ta mutu. Jingina mace ga namiji mun ƙara mata ƙarfi da aro, jingina namiji ga mace kuwa har yanzu zagi ce.

Ko mafita ita ce a ƙirƙiro sabuwar kalma? Na gwada waɗanda ke kusa. Angon Sarauniya ba zai yi ba, domin angwanci na ƴan kwanaki ne. Maigidan Sarauniya yana da ladabi, kuma shi ne abin da mace ke kiran mijinta da shi don kunyar faɗin sunansa, amma a nan gidan nata ne, ƙasar ma tata ce. Abokin zama zai yi kyau, ba don tamatarsa, abokiyar zama, ta riga ta zama laƙabin kishiya ba. Abokin rabo, fassarar kalmar Latin ɗin, yana da daɗin ji, sai dai kalmar da aka ƙera a ɗakin karatu ba kasafai take rayuwa a kasuwa ba, mun kuma ga da yawa da kwamitoci suka haifa suka mutu a cikin takarda. Ra'ayina shi ne mafassaran rediyo sun yi daidai. Mijin Sarauniya ya faɗi gaskiyar matsayin ba ƙari ba ragi. Abin da ke buƙatar gyara shi ne maƙwabtan da kalmar ke tafe da su, kuma maƙwabta suna sauyawa ta hanyar yawan amfani. Boko ta daɗe tana ɗauke da ma'anar algus, ga shi yau da ita muke kiran rubutun da nake yi. Idan mai rubuta labari ya rubuta mijin minista a inda zai rubuta uwargidan minista, da murya ɗaya, idan mai haɗa ƙamus ya kawo misalin mijin likita ba tare da alamar zambo ba, idan mai jawabin liyafa ya juya ya gode wa na layi na biyu, kunne zai saba. Mu da za mu rubuta littattafan makaranta da ƙamusoshin gobe muna da hannu a wannan fiye da yadda muke zato.

An yi jana'izar Philip ranar Asabar, 17 ga Afrilu 2021, a cocin Saint George da ke Windsor. Saboda dokar annobar korona mutum 30 kawai aka bari suka shiga. An ɗauko gawar a bayan wata Land Rover da shi da kansa ya sa hannu wajen tsara ta, kuma bisa wasiyyarsa ba a yi jawabin yabo ba. Sarauniya ta zauna ita kaɗai a kan benci da takunkumi a fuska. Tun a 1997, a bikin cikarsu shekara 50 da aure, ta faɗi nata yabon, inda ta kira shi ƙarfinta kuma madogararta, ta ƙara da cewa mutum ne da ba ya son a yabe shi.

A waɗannan kwanaki na ji ana muhawara ko ya dace a ce ya rasu ko ya mutu, tunda wasu suna keɓe rasuwa ga Musulmi. A nahawu dai rasu daga rasa take, ma'anarta an yi rashinsa, kuma babu shakka akwai wadda ta yi rashin. Kalmar da ta fi tsaya mini ita ce marigayi. Ɗafa-goshin ma ne a kan rigaya: wanda ya riga, wanda ya yi gaba. Ita ce kalmar Hausa ta farko da ta hau kansa ba tare da an jingina shi ga kowa ba, kuma ta sa shi a gaban matar da ya yi shekara 69 yana bin bayanta. Ta bi shi ranar 8 ga Satumba 2022, aka binne su wuri ɗaya. Mijin gwaggona yana nan da ransa, idonsa ya yi rauni, ya bar wa yaransa keken. Ba na son ya jira wannan kalma kafin a kira shi da abin da ba zai sa a yi murmushi ba.